Ƙanzon Yaya Hansai

Yaya Hansai, na fara da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya ba matafiyi ƙafa ya ɓoye masa ƙarshen hanya. Ke nake wa magana, ko da yake kin fi ni sanin labarin, tunda ke ce a gaba mu muna taka sawunki. Amma akwai abin da ya faru a bayanki, kuma ba zan iya isa gare shi ba sai na sake bi ta inda muka bi. Karatuna kin san inda ya tsaya, allona yana kan Sabbi wuta ta ci makarantar. In na karkace ki yi mini haƙuri yadda kika saba.

Ni ne ƙanenki Tunau, mutumin Kwarin Shuni ta ƙasar Barkiya, garin marina, inda ake gane mutum da baƙin hannunsa tun kafin ya yi sallama. Sarakuna biyu ne suka yi faɗa a kan wani kogi da babu ɗayansu da ya taɓa wanka a ciki, garinmu kuwa yana tsakaninsu. Da hantsi mayaƙa suka shigo. Kafin azahar babu namiji babba a tsaye, matan kuma an kora su yamma kamar garke. Innarmu ta tattara yaran da suka ɓuya a cikin dawa ta kai mu bakin rafi, da kibiya a ƙugunta. A nan ta sauke babbar tukunyar gidanmu, ta ciro marar da take kwashe tuwo da ita, ta miƙa miki.

"Ke yarinyar nan, riƙe," in ji ta. Ta ce mu yi gabas har sai mun ga Tafkin Shamuwa, a hayinsa akwai ƙasar da ba a tambayar yaro ɗan wane ne kafin a ba shi gona. A nan bakin rafin ta cika.

Sai na faɗi abin da mara take nufi a wurinmu, ko da wani zai tsinci maganar nan. A Kwarin Shuni wanda ya riƙe mara shi ne babba, shi ke rabo, shi ke cewa a tashi ko a zauna. Kuma mai mara ba ya ci a gaban mutane. In ya gama rabo sai ya ɗauki tukunya ya zagaya baya, ya ci ƙanzo da ɗan abin da ya rage wa kansa. Ba a leƙa shi. Tun muna rarrafe ake ce mana wanda ya kalli mai mara yana ci idonsa zai tsiyaye. Sai dai a kasa kunne, in an ji yana kankarar tukunya an san ya ci, kowa ya ce, "Allah ya amfana." Abin da ya bar mara kuma ba a mayar wa mai ita, yin haka zagi ne.

Haka muka kama hanya, yara fal, daga masu jin kansu samari har na goye. Ke ba ki daɗe da fara ɗaura kallabi ba. Manyan cikinmu ni ne da Jatau, ɗan kawunmu, taubashinki, wanda bakinsa ba ya hutawa. Tun ranar farko ya raɗa miki Sarauniyar Tsumma, yana tafe yana yi miki kirari da gangarsa, wato wata fasasshiyar ƙwarya da ya tsinta. Kina ce masa in ya gama roƙon ya ɗauki tukunya, don bakinsa ya fi wuyansa aiki. Yaran na dariya. Yanzu na gane dariyar ce take ɗauke da su fiye da ƙafafunsu.

Bayan tafiya mai tsawo muka shiga Dajin Kira. Itatuwansa dogaye ne, a kansu akwai wasu tsuntsaye ƙanana masu launin toka da jajayen idanu. Muna cikin tsakiya sai na ji muryar Inna daga hagu, sak, har da ɗan tarin da take yi, tana cewa in zo in karɓi furata. Kowane yaro ya ji tasa uwar. Wani yaro Nomau ya fizge hannunsa ya faɗa cikin duhuwa yana amsawa, muka ji ƙasa ta buɗe ta rufe, ba mu sake ganinsa ba. Sahu ya watse. Ni kaina ƙafata ta fara juyawa.

Sai muryar ta sake tashi: "Hansai! Hansai 'yata!"

Kika tsaya cik. Na ga fuskarki ta canza.

"Wannan ba Inna ba ce," kika ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ni 'yar fari ce. Har ta mutu ba ta taɓa kama sunana ba."

Kika sa duk 'ya'yan fari suka ɗaga hannu, kika tambaye su ko da sunansu aka kira su. Suka ce da sunansu. Kika tambaye su yaushe uwa ta taɓa yin wannan rashin kunya a Kwarin Shuni. Nan kowane ɗan fari ya damƙi ƙannensa da na maƙwabta, kika yage gefen zanenki aka ɗaure na ƙanana a ƙugu, muka ratsa tsuntsayen suna ta kiranmu har muryoyinsu suka dushe. Da muka fita fili kika zauna kika daɗe kina kallon dajin. Kika ce Nomau ne na ƙarshe, ba za ki sake ba hanya kowa ba. Na ɗauka magana ce irin ta mai baƙin ciki.

Daga nan hatsin da muka fito da shi ya fara ganin gindin buhu. Mayaƙa kuma suna yawo a ƙasar, don haka kika hana kuka. Duk yaron da ya buɗe baki sai a toshe masa da tafin hannu. A hankali kukan ya bushe musu. Wata yarinya Lanti, wadda ba ta wuce a goye ta ba sai don babu mai goyon, ƙaya ta shige ta a tafin ƙafa na cire mata, ko uffan ba ta ce ba, kallona kawai take yi.

A wannan hali muka iso Birnin Ƙarau. Ganuwarsa ta ƙarau ce tun daga ƙasa har sama, ana hango komai ta cikinta: rumbuna a jere sun cika har suna zubarwa, awaki suna taka gero. Yaranmu suka manna fuskokinsu suna kallo. Mutanen birnin dogaye ne, ba sa haihuwa, ba sa saurin tsufa, sun naɗe ƙafafunsu da tsumma, magana kuma sai da raɗa. Mai tsaron ƙofa ya fito ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen jakuna. Ya ce duk wanda ya isa ɗaukar turmi ya shigo, akwai aiki akwai tuwo. Ƙananan kuwa a yi nesa da su, yanzu-yanzu.

Jatau ya ja ki gefe, wannan karon babu wasa a bakinsa. Ya ce mu manya mu shiga mu ci mu yi ƙarfi, mu riƙa jefo wa yaran abinci ta kan ganuwa. Kika tambaye shi wa zai kore musu kura. Ya ce to wa zai kore musu yunwa, ko sarautar taki ta tsumma za su dafa. Ke kuwa idonki yana wani wuri. Wani jariri a bayan yayarsa ya ɗan yi ƙorafi, kika ga mai tsaron ƙofa ya zabura, kika ga wani siririn layi kamar gashi ya bayyana a jikin ganuwar.

Kika jera yaran kaf a gindin ganuwa kika ce su yi kuka.

Suka zuba miki ido. Waɗanda aka yi ta toshe wa baki, yau an ce su yi, sun manta yadda ake yi. Jatau ya ce a ba shi dama ya bi su da mintsini, ya mintsini wani, yaron ya rama. Mai tsaron ƙofa har ya fara murmushi.

Sai kika durƙusa a gabansu kika sassauta murya. Kika ce wa ya tuna akuyar Gwaggo Laure mai cin sabulu. Suka yi dariya. Wa ya tuna kukar bakin marina, wadda ake hawa a tsinko 'ya'ya a sha duka. Wa ya tuna ƙamshin daddawar gidan su Lanti in iska ta juyo da yamma. Wa ya tuna yadda uwarsa take tsayawa a bakin zaure tana cewa wallahi in ta ƙirga uku. Ba ki kai ƙarshen wannan ba Lanti ta buɗe baki.

Yaya, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kukan da aka tara tun daga bakin rafi ya fito gaba ɗaya. Ni ma na yi, Jatau ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ganuwar ta fara ƙara kamar ana taka busasshen kara, tsaga na bin tsaga har sama. Dogayen mutanen suka fito a guje da buhuna a ka, suna roƙonmu da raɗa mu ɗauka mu tafi. Muka ɗauki iya abin da wuyanmu zai iya. Ke kaɗai ce ba ki yi kuka ba, kina tsaye kina duba bakin kowane buhu ko an ɗaure da kyau. Jatau ya share fuska ya ce ashe sarautar tsumma ma tana da harajinta.

Na so a ce labarin ya ƙare a nan.

Gaba da birnin akwai Farar Shimfiɗa, filin gishiri wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Ƙasar tana sheƙi kamar madubi, rana ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, duka biyun suna ƙuna. Babu itace babu rijiya. Da za mu mutu a bakinsa, sai ga waɗansu kunkuraye, kowane ya kai girman ɗaki, suna tafiya gabas a jere za su je tafki su yi ƙwai. Ke kika lura da safe raɓa tana taruwa a kwarmin bayansu. Muka riƙa tatsar ruwan da tsumma, muka ɗora ƙanana a kansu, mu manya muna bin inuwarsu. Ba su kula mu ba, mu ma ba mu tambaye su komai ba. Wuta kuwa da busasshen kashinsu muke hurawa.

Amma kunkuru ba ya sauri. Geron yana raguwa, filin bai ragu ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, malmala ta koma kamar ƙwan zabo. Kullum kina gama rabo ki ɗauki tukunya ki zagaya bayan kunkuru, mu ji kankara, mu ce Allah ya amfana. Wuyanki ya yi tsawo, zanenki ya fara zagaya ki sau biyu. Muka ce tafiya ce. Kowa ya rame, wa zai lura da wa?

Ban leƙa ki ba, Yaya, Allah ne shaidata. Ina zaune ta wannan gefen kaina a sunkuye, ƙasar ce ta nuna mini ke ta ƙarƙashin cikin kunkurun. Na ga kin leƙa tukunyar, babu komai a ciki, don har ƙanzon kin kankare tun a wurin rabo kin ƙara wa ƙanana. Na ga kin kwance wani ƙulli daga ƙugunki, kin ɓanto yumɓu, kin jiƙa shi da yawu kin shafe gindin tukunyar. Sannan kika sa mara kina kankara a hankali, ƙarar na fita a dakushe, sak ta mai cin ƙanzo. Da kika gama kika lashi yumɓun da ke bakin marar. A bayana yara suka ce Allah ya amfana.

Na jira har aka tashi tafiya, na matso kusa da ke. Na tambaye ki tun yaushe. Kika dube ni, kika dubi ƙasar, kika gane.

"Idonka bai tsiyaye ba?" kika ce, har da ɗan murmushi.

"Yaya, tun yaushe?"

"Wani lokacin ina ci."

Na ce zan tara su in faɗa. Kika riƙe mini hannu, yatsunki kamar tsinke amma riƙon da ƙarfi.

"In ka faɗa, manyan za su daina ci don kunya, su ne kuma masu ɗaukar kaya. Ƙananan su girma suna cewa su suka cinye ni. Lanti za ka ɗora wa wannan? Na auna geron nan, Tunau. Da bakina a ciki ba ya kai mu."

Na ce to ni ma a cire nawa bakin. Kika ce wa zai ɗauki tukunya in kin gaji. Kika sa na rantse.

Washegari na ɓoye rabona a hammata, na kai miki inda ba mai gani. Kika ce ashe na girma har na iya zagin mai mara. Na durƙusa na roƙe ki da darajar Inna. Kika karɓa kika kai baki don ki sallame ni. Bai zauna ba. Cikin ya riga ya manta da abinci, ya dawo da shi a kan gishirin, muka tsaya mu biyu muna kallon lomar da ba ta amfani kowa ba. Na dama miki ruwa-ruwa, shi ma ya dawo. Duk abin da na sani na karanta na tofa miki, ɗan abin da na sani ɗin. Ban taɓa jin haushin gajartar karatuna kamar ranar ba.

Da ƙafafunki suka ƙi, muka ɗora ki a bayan kunkuru tare da yara, kika ce musu zazzaɓi ne. Daga can sama kike rabo. Jatau yana tafe a ƙasa yana cewa ga sarauniya ta samu doki daidai da ita. Kika ce masa ko banza ya fi shi saurin fahimta.

Da wata safiya iska ta canza, muka ji ƙamshin danyen ruwa, gishirin ya fara gauraya da ciyawa. Kika ce in hau in ƙirga miki yaran. Na ce duk suna nan. Kika ce in kira sunayensu dai. Ina kira suna amsawa daga ƙasa, kina lumshe ido a kan kowane suna. Ban san a kan wane suna kika tafi ba. Na kai ƙarshe na juyo, marar tana kan cinyata, ke kika ajiye ta.

'Yan matan suka yi miki wanka yadda suka ga ana yi. Ni na ja salla, da guntun abin da ke kaina, sahu duk yara. Ƙullin yumɓun na sa shi a ramin tare da ke, ba wanda ya gani. Jatau ya taya ni har muka rufe ramin. Sannan ya ce, "Tashi, mai mara. Rana na yi."

Yanzu muna bakin Tafkin Shamuwa. Ba ki ba hanya kowa ba, Yaya, sai ke. Ana hango hayin, kore shar, amma wata tsohuwa mai yankan ciyawa ta ce masu jirage ba sa ƙetarowa sai shamuwa ta dawo, kuma ba ta san ranar ba. Mu marina ne, kifi yana wasa a gabanmu ba mu san yadda ake kama shi ba. Yara suna tono bado a laka, muna haɗawa da ɗan geron da ya saura.

Shekaranjiya na tsaya a kan tukunya ina rabo, hannaye a miƙe, na kai kan Lanti na ga abin da ya rage. Sai a lokacin na san yadda abin yake da sauƙi. Ba shawara mutum yake yi ba, marar ce take tafiya da kanta. Na kankare har gindi na zuba mata. Na ɗauki tukunya na zagaya bayan wani dutse, na zauna, na yi ta kankara. Suka ce Allah ya amfana, amma muryoyin ba su fito tare ba. Da na dawo Jatau yana gyara igiya, bai ɗago ba, ya ce, "Tukunyar nan ta yi murya tunda ta canza hannu." Na ce tsufa ne. Ya ce haka ne, tsufa ne.

Jiya na sake zagayawa bayan dutsen da tukunyata wayam. A kan dutsen na tarar da ganyen bado a naɗe. Na buɗe. Lomomi ne, ba malmala ba, an gutsuro su daga wurare dabam-dabam an tara. Akwai babba mai shaidar babban yatsa, wadda na san mai ita. Akwai matsakaita. Akwai wata 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, da sawun yatsu ƙanana a jikinta.

A garinmu wannan zagi ne. Na zauna da zagin a hannuna ina kallon ruwa. Na tuna yadda kika iya shafa yumɓu, yadda kika ƙware har ba wanda ya ji komai, na ce da ma hannunki bai kai haka iyawa ba. Sannan na ci, Yaya. Na cinye har 'yar ƙaramar. Na sa mara na kankari tukunya, daga bayan dutse suka amsa gaba ɗaya, da ƙarfi, har tsuntsayen bakin ruwa suka tashi.

Ba wanda ya dube ni da na fito, ni ma ban dubi kowa ba. Sun san tawa tukunyar. Taki ce ba su sani ba, har yanzu zazzaɓi suke cewa. Ɗazu Lanti ta tambaye ni ko a inda kike ke ce mai mara, ko kuwa a can wani ne yake zuba miki. Na ce mata a can zuba miki ake yi, a gaban kowa.

Shamuwa ba ta zo ba tukuna. Maganar yumɓun tana nan a bakina, kullum da safe ina cewa yau zan kira Jatau gefe. Har yanzu ban faɗa wa kowa ba.